Kuɗin Talla Na Manyan Kamfanonin Duniya: Ina Rabon Ɗan Kasuwar Agege?

A cikin watan Disamba na shekarar 2024, kamfanin GroupM, wani reshe na rukunin WPP da ke birnin Landan, ya fitar da ƙiyasinsa na ƙarshen shekara, inda ya bayyana cewa kuɗin da ake kashewa a kan talla a faɗin duniya ya haura dala tiriliyan 1, wato dala biliyan dubu, a karon farko a tarihi. Idan aka raba wannan dukiya ga mutanen duniya su biliyan 8, kowane mutum, babba da jariri, zai tashi da dala 125. A bisa canjin wancan lokaci na kimanin naira 1,500 a kan dala ɗaya, kuɗin ya kama naira 187,500, wato albashin fiye da wata biyu da rabi ke nan ga ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Nijeriya cikin watan Yulin wannan shekara.

Mai karatu na iya cewa wannan lissafi ne na ƙasashen Turai da Amurka, babu abin da ya haɗa shi da mai kanti a Zangon Agege, ko mai shayi a bakin Pen Cinema, ko dillalin shanu a mayankar Oko-Oba. Ra'ayinmu shi ne akwai haɗi, kuma haɗin yana da ƙarfi. Ɗan kasuwarmu yana cikin masu biyan wannan kuɗi, yana kuma cikin masu aikin da ke sa tallan ya zama ciniki, amma idan aka zo rabon riba, nasa kason bai taka kara ya karya ba. Dalili kuwa shi ne, ya bar wa wasu mallakar suna, shi ya tsaya ga dakon kaya.

Bari mu fara da masu kashe kuɗin. Kamfanin Procter & Gamble na Amurka, mai yin Ariel da Pampers da Gillette, ya nuna a rahotonsa na shekarar kuɗi da ta ƙare a watan Yunin 2024 cewa ya kashe dala biliyan 9.6 a kan talla, daga cikin cinikin dala biliyan 84. Idan aka juya wannan zuwa naira a kan canjin da muka ambata, ya kai naira tiriliyan 14, wato ya ninka kasafin kuɗin Jihar Legas na 2024, wanda ya kasance naira tiriliyan 2.27, har sau shida, ya kuma kai kusan rabin kasafin naira tiriliyan 28.7 da Gwamnatin Tarayya ta sanya wa hannu a farkon shekarar. Kamfanin Coca-Cola ya kashe dala biliyan 5 a 2023. Kamfanin Unilever ya ware yuro biliyan 9.4 a 2024 domin talla da tallata sunayen kayansa, wato kashi 15.5 cikin 100 na cinikinsa. Shi kuwa Amazon, mai kasuwanci ta intanet, abin da ya kashe a 2023 ya haura dala biliyan 20.

Abin lura a nan shi ne, masu sabulu da lemo da kayan shafa da abinci na gwangwani ne suka fi dogara ga talla. Daga kowace naira 100 da ta shiga aljihun irin waɗannan kamfanoni, a matsakaicin lissafinsu na duniya, naira 11 zuwa 15 tana tafiya ne wajen kiran mai saye. Kuɗin nan ba daga sama yake faɗowa ba. An riga an cusa shi cikin farashin kaya, mai sari ya biya, mai kanti ya biya, daga ƙarshe uwargida da ta aiko yaro sayen garin sabulu ta biya.

Sai kuma masu karɓa. A da, jaridu da gidajen rediyo da talabijin da masu allunan kan hanya ne ke cin gajiyar wannan kuɗi, kuma mafi yawansa yakan tsaya a ƙasar da aka yi tallan. Al'amarin ya sauya. Kamfanin Alphabet, mai Google da YouTube, ya samu fiye da dala biliyan 260 daga talla a 2024. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya samu kimanin dala biliyan 160. Amazon ya samu dala biliyan 56. Ƙiyasin GroupM ya nuna cewa kamfanoni biyar, wato waɗannan uku na Amurka da ByteDance mai TikTok da Alibaba na ƙasar Sin, su ne ke kwashe fiye da rabin kuɗin tallan duniya baki ɗaya. Ma'anar wannan ga ƙasa irin tamu ita ce, duk nairar da aka biya domin talla a waɗannan dandali, sai ta nemi zama dala kafin ta isa ga mai ita. Tun daga watan Janairun 2022 Meta ya fara cajin harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 a kan tallan da ake biya daga Nijeriya, to wannan ne kason da ke tsayawa a baitulmali kai tsaye.

Me ya sa kamfani mai hankali zai zuba irin wannan dukiya a kan abin da ba a iya taɓawa? Masana tattalin arziki sun daɗe suna jayayya a kai. John Kenneth Galbraith ya yi nuni a 1958 cewa manyan masana'antu suna ƙirƙiro wa mutane buƙatun da ba su da su, sannan su sayar musu da maganin buƙatar. Phillip Nelson ya kawo wata fahimta a 1974, cewa yawan kuɗin da kamfani ya kashe a talla shi kansa saƙo ne ga mai saye, domin wanda ya san kayansa ba su da kyau ba zai yi asarar dukiya wajen jawo mutumin da zai saya sau ɗaya ya gudu ba. Kowanne daga cikinsu yana da gaskiyarsa. Amma dukkansu sun haɗu a kan abu ɗaya da ya shafi ɗan kasuwa: talla jari ne da ake binnewa a cikin zukatan jama'a, kuma wanda ya mallaki sunan da jama'a ke nema, shi ke yanka farashi.

Shaidar wannan tana cikin harshenmu. Bahaushe yana kiran kowane garin sabulu da sunan omo, kowane ɗanɗanon miya na dunƙule da sunan magi, kowace taliya mai saurin dahuwa da sunan indomi. Waɗannan duk sunayen kayan kamfanoni ne, Unilever da Nestlé da Dufil, amma shekaru da shekaru na talla sun mayar da su kalmomin yau da kullum. Tarihin abin yana da tsawo. Tun 1928 aka kafa kamfanin West African Publicity, wanda daga baya ya zama Lintas, domin tallata kayan rukunin da ya zama UAC da Unilever. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, da gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, su ne suka kai waɗannan sunaye lungu-lungu na ƙasar Hausa.

Yanzu mu dawo Agege. Abin da ya tara Hausawa a wannan gari tun farkon ƙarni na ashirin shi ne goro da hanyar jirgin ƙasa. Gonakin goro sun yawaita a yankin, layin dogo daga Legas ya isa Kano a 1911, sai fatake suka kafa zango, suna ɗaure huhu suna aikawa arewa, suna sauko da shanu da sauran kayan arewa. Wannan ciniki bai taɓa buƙatar allon talla ba, domin amana ce ke riƙe da shi: mai masauki ya san baƙonsa, dillali ya san mai kaya, ana ba da bashin huhu ɗari da fatar baki kawai. Abin mamaki kuwa, goron nan da ya kafa zangon Agege shi ne ya ba da rabin sunan lemon Coca-Cola, wanda John Pemberton ya haɗa a birnin Atlanta a 1886. Mai lemo ya yi wa sunan rajista, ya kashe masa dukiya, har ya zama ɗaya daga cikin sunaye mafi daraja a duniya. Mu da muka yi ɗaruruwan shekaru muna fataucin goron, har yau a kwando da ganye muke sayar da shi, babu sunan kowa a jiki.

Daga Agege zuwa rukunin masana'antu na Ikeja da Ogba da Agidingbi, inda kamfanoni irin su Cadbury da Nigerian Bottling Company suke da masana'antu, tafiyar 'yan mintoci ce. Kayan da ke fitowa daga can da sauran masana'antun Legas da Ogun, su Bournvita da Milo da Peak da Lipton da Indomie, a teburin mai shayi da tiredar bakin ƙofa suke haɗuwa da mai saye, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa 'yan arewa suna da yawa cikin masu waɗannan sana'o'i a Legas. Mutum zai ga tallan madara a talabijin da daddare, amma da asuba a hannun mai shayi zai sha ta. Idan babu wannan hannu, tallan ya tashi a banza. Duk da haka, ribar mai shayi a kan gwangwani ko leda 'yan nairori ce, ba shi da ta cewa a farashi, kuma ranar da ya ƙi ajiye kayan, masu saye za su koma teburin maƙwabcinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai dai kuma kada a ɗauka talla shi kaɗai ne ke cin kasuwa. Abubuwan da suka faru a 'yan shekarun nan sun isa darasi. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin watan Yunin wannan shekara, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa fiye da naira 1,500 a 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamban 2024. Tun a watan Maris na 2023 Unilever Nigeria ya ba da sanarwar daina yin garin sabulu da sabulun wanka, rukunin da ya ƙunshi Omo da Sunlight da Lux. A watan Agusta GlaxoSmithKline ya sanar da rufe harkokinsa na kai tsaye a ƙasar. A watan Disamba kuma Procter & Gamble, wanda yake sahun gaba a masu kashe kuɗin talla a duniya, ya ce zai daina sarrafa kaya a Nijeriya ya koma shigo da su daga waje. Babban jami'in kuɗinsa, Andre Schulten, ya bayyana cewa cinikinsu a Nijeriya na dala miliyan 50 ne kacal. Wato duk abin da suke sayarwa a ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200 a shekara guda, bai kai abin da suke kashewa a talla cikin kwana biyu ba.

Waɗanda suka cike gurbin sun haɗa talla ne da farashin da aljihun talaka zai ɗauka. Tun a 1993 masu madarar Cowbell suka nuna hanya, da suka zuba madarar gari a ƙananan ledoji domin wanda ba zai iya sayen gwangwani ba. Lemon Bigi na kamfanin Rite Foods ya shigo a 2016 da babbar kwalba a kan farashi mai sauƙi, ya tilasta wa manyan su sake lissafi. Garin sabulun Viva da ake yi a Kano, da ƙunzugun yara na Molfix da wani kamfanin Turkiyya ke yi a Agbara, sun samu gindin zama a kantuna. Dukkansu sun yi talla, kuma sosai, amma sun fara da tabbatar da cewa kayan suna nan a tireda, a kan kuɗin da mai saye ke riƙe da shi a hannu. A wannan fage na sanin aljihun mai saye da isa gare shi, babu wanda ya fi ɗan kasuwar zango ƙwarewa. Abin da ya rage masa shi ne suna.

Akwai masu cewa kaya mai kyau shi ke sayar da kansa, talla kuwa almubazzaranci ne, wani lokaci ma yaudara. Akwai kuma masu cewa sa da albasa da tumatir ba su da tambari, don haka wanda ya tallata albasa ya yi wa dukkan Kasuwar Mile 12 aiki ne kyauta. Magana ta biyu gaskiya ce, kuma masana tattalin arziki sun yarda da ita: a kasuwar da kayan kowa iri ɗaya ne, mai talla shi ke biya, maƙwabta su ci riba. Amma maganin wannan a fili yake. Sukari da gishiri da siminti su ma kaya ne iri ɗaya, har sai da Aliko Dangote, wanda ya fara da saye da sayarwa a ƙarshen shekarun 1970, ya koma sarrafa su yana buga sunansa a jikin buhu. Da zarar an sarrafa kaya, an auna, an ɗaure, an sa suna, to ya fita daga sahun kayan kowa. Game da magana ta farko kuwa, talla ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Kalmar tamu ce, kuma mai fura da mai goro da mai magani a kasuwa duk suna yi wa hajarsu kirari tun kaka da kakanni. Abin da addini da al'ada suka hana shi ne algus da rantsuwar ƙarya da ɓoye aibin kaya. Sanar da jama'a gaskiyar abin da mutum ke da shi, babu laifi a cikinsa.

Dubi abin da muke da shi wanda duniya ke so amma ba shi da mai shi. Tsire, wanda mutanen kudu ke kira suya, ya shiga manyan otal-otal na Legas da gidajen abinci na Landan. Kilishi da yajin tsire da dambun nama da zoɓo da kunun aya duk sun samu masoya a wajen ƙasar Hausa. Burodin Agege ya yi suna har ana buga sunan a jikin burodin da aka gasa a Ingila da Amurka, ba tare da garin Agege ya amfana da ko kwabo ba. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun riga mu farkawa: a 2021 suka yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajista a hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde, a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da ƙasarsu. Idan muka yi sake, za a wayi gari wani kamfani ya zuba yajinmu a kwalba da sunansa, ya tallata shi, mu kuma mu saya mu jera a kanti.

Saboda haka muna ba 'yan kasuwarmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende shawarwari kamar haka. Na farko, duk mai sarrafa wani abu ya yi wa sunan kasuwancinsa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, ya kuma yi wa tambarinsa rajista a ofishin alamomin kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari. Rajistar farko ta shekara bakwai ce, ana sabunta ta duk bayan shekara goma sha huɗu. Idan abinci ne ko abin sha ko magani, lambar hukumar NAFDAC wajibi ce kafin a yi maganar talla. Wanda ya tallata sunan da bai mallaka ba, ya yi gini ne a filin wani.

Na biyu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyoyin mahauta da masu goro da masu hatsi suna da shugabanni da asusu. Abin da mutum ɗaya ba zai iya biya ba, ƙungiya za ta iya: tambari ɗaya, ƙa'idar tsafta da awo ɗaya, talla ɗaya, da hukunci ga duk wanda ya ɓata sunan. Ta haka ne kawai za a magance matsalar mai biya daban mai cin riba daban.

Na uku, a sa kuɗin talla cikin littafin lissafi kamar kuɗin haya da na mota, a ware masa kaso sananne, sannan a auna sakamakonsa. A rubuta cinikin wata guda kafin talla da na wata guda bayansa. Wayar hannu ta sauƙaƙa abin ƙwarai, domin hoton kaya da farashi da lambar waya a WhatsApp ba ya cin komai sai kuɗin data, amma kafin a biya dandalin waje a tambayi kai ko masu sayen da ake nema suna can.

Na huɗu, bangon kanti da rumfa da laima da firji duk wuraren talla ne masu daraja, musamman a gari irin Agege, wanda tun buɗe gadar Pen Cinema a 2021 da jirgin ƙasa na Red Line a 2024 yake ƙara cika da masu wucewa. Kamfanin da ya zo zai shafa wa kanti fenti da sunan kayansa, ba kyauta ya yi ba, haya ya kama. Mai kanti yana da haƙƙin ya nemi kuɗi ko rangwamen sari, kuma idan 'yan layi ɗaya suka yi magana da murya ɗaya, za a saurare su.

Hukumomi ma suna da nasu aikin. Dokar 2022 ta kafa hukumar ARCON a madadin APCON da aka kafa a 1988, kuma daga 1 ga Oktoban 2022 hukumar ta hana amfani da fuskoki da muryoyin baƙi a tallan da ake yi wa 'yan Nijeriya. Mataki ne mai kyau wajen tsayar da wani kaso na kuɗin a gida. Amma ya kamata ita da hukumar LASAA, mai kula da allunan talla a Jihar Legas tun 2006, su bambanta tsakanin kamfanin da ke kashe biliyoyi da mai kilishin da ke neman kafa allo ɗaya, ta hanyar sauƙaƙa kuɗin izini da fassara ƙa'idojinsu zuwa harsunan kasuwa. Su kuma manyan kamfanoni, ya dace su san cewa Hausa harshen ciniki ne na miliyoyin mutane daga Legas zuwa Agadas, daga Kumasi zuwa Njamena. Tallan da aka tsara da Turanci aka juya shi Hausa a gurguje ba ya shiga kunne, kuma kuɗin da aka hana gidajen rediyo da talabijin da jaridun Hausa, asara ce ga kamfanin kafin ta zama asara ga kafofin.

Dala tiriliyan ɗaya da duniya ta kashe a 2024 ta nuna cewa a kasuwar wannan zamani, suna ya zama dukiya kamar gida da gona, ana saye, ana sayarwa, ana gado. Iyayenmu da suka kafa zangon Agege sun bar mana amana da sanin hanya da juriya, kuma da su ne muka kai inda muke. Nauyin da ke kan 'yan kasuwar yau shi ne su ɗora a kan wannan gado, su mayar da amanar nan suna mai rajista wanda za a iya bugawa a jikin buhu da kwalba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Wanda ya ƙi, zai ci gaba da biyan kuɗin tallan wasu a cikin kowane katan da ya saro, 'ya'yansa kuma su gaji teburi da dako.